Ƙwayar ciwon suga: tambayoyin da masu shanta ke yi a Maraɗi, da amsoshinsu

Wannan shafi na manya ne masu ciwon suga nau'i na biyu, waɗanda likita ya ɗora a kan ƙwaya. Yaro mai ciwon suga da wanda ke kan allurar insulin, nasu bayanin daban ne. Kafin ka ci gaba da karatu, tashi ka ɗauko kwalin maganinka ka duba sunan da ke jiki, domin kusan kowace amsa a nan ta danganta da wace ƙwaya ce a hannunka.

Ƙwayoyin suga ba duk abu ɗaya ba ne?

A'a, kuma daga nan yawancin matsala ke farawa. Iri biyu ne suka fi yawa a hannun mutanenmu.

Na farko metformine, wadda wasu suka fi sani da Glucophage. Tana zuwa a miligiram 500, 850 ko 1000. Tsohon magani ne: wani likitan Faransa, Jean Sterne, ya fara ba masu ciwon suga ita a 1957, kuma har yau da ita aka fi fara wa mutum. Aikinta shi ne ta hana hanta zuba suga mai yawa cikin jini, ta kuma taimaki jiki ya amfana da insulin ɗin da yake da shi, wato sinadarin da ke rage suga a jini. Ita kaɗai da wuya ta kayar da suga ƙasa da kima. Haɗarinta yana wajen ƙoda da ƙarancin ruwa a jiki.

Na biyu dangin glibenclamide ne, wato Daonil, da ƴan uwanta gliclazide da glimépiride, waɗanda ake sayarwa da sunan Diamicron da Amarel. Waɗannan suna tilasta wa gaɓar da ke samar da insulin ta yi ta fitar da shi, kamar mai jaki da ke ta zabga masa sanda ko da kaya ko babu. Ka ci abinci ko ba ka ci ba, ƙwayar za ta yi aikinta. Haɗarinsu ke nan: faɗuwar suga.

Akwai kuma ƙwayoyin da aka haɗa iri biyun a cikin guda ɗaya. Idan ka ga sunaye biyu a kwali, dokokin duka biyun sun hau kanka.

Kafin abinci zan sha ko bayan abinci?

Metformine ana shanta ana tsakiyar cin abinci, ko da zarar an gama ci. Glibenclamide da ƴan uwanta ana shansu daf da cin abinci, galibi na safe, da sharaɗin abincin yana gabanka. Ba wanda ake fatan za a kawo ba. Idan ka san yau ba za ka karya kumallo ba, kada ka haɗiye ta tukuna.

Idan ka ga LP, LM ko XR bayan sunan maganin, ƙwayar tana narkewa ne a hankali cikin yini. Kada a tauna ta, kada a daka ta a zuba wa tsoho a kunu. Wani lokaci mai shan irin wannan metformine ɗin yakan ga wani abu kamar ɓawon ƙwaya a bayan gida. Maganin ya riga ya shiga jiki, ɓawon ne kawai ya fita.

"Lokotoro, tun da na fara wannan ƙwaya cikina bai zauna ba. In bar ta?"

Yi haƙuri, Hajiya, kada ki bar ta ke kaɗai. Tashin zuciya, kumburin ciki, zawo mai sauƙi, da ɗanɗanon ƙarfe a baki, duk sanannu ne ga mai fara metformine, kuma ga yawancin mutane suna lafawa cikin mako biyu zuwa uku. Shi ya sa ake farawa da kaɗan, sau da yawa 500 sau ɗaya ko biyu a rana, a riƙa ƙarawa sannu a hankali. Da yawa daga masu wannan kuka, idan aka bincika, ana tarar da suna sha ne ciki babu komai, ko da kofin shayi kawai. Ki gyara wannan tukuna. Idan bai lafa ba, ki koma wurin wanda ya rubuta miki. Zai iya rage yawanta ko ya sauya miki zuwa mai narkewa a hankali.

Ta yaya zan gane suga ya faɗi, kuma me za a yi?

Wannan tambaya ce da ya kamata duk mutanen gidan su san amsarta, har da yara masu wayo, saboda wanda abin ya kama sau da yawa ba ya iya taimakon kansa.

Ga yadda yakan faru. Magidanci ya sha Daonil bayan sallar asuba, ya ɗauki hauya ya nufi gona da damina, yana jiran a kawo masa fura da hantsi. Furar ta yi jinkiri. Wajen ƙarfe goma sai zufa mai sanyi ta keto masa, hannu ya fara rawa, zuciya na dukan uku-uku, ga wata yunwa mai cin rai. Idan aka ƙyale, sai ganinsa ya dishe, harshe ya yi nauyi, ya fara faɗa da mutane ba dalili ko ya yi ta surutai marasa kai. Daga nan sai suma, wani har da jijjiga. A nan ne mutane ke kuskure: wani ya ce iska ce ta taɓa shi, wani ya ce rana ce, a kwantar da shi a inuwa ana tofi ana yayyafa ruwa. Addu'a ba ta hana a ba shi suga. A yi duka biyun, amma sugan ya riga.

Idan akwai na'urar awo, duk abin da ya gaza 0,70 g/L, wato giram a lita, faɗuwa ce. Idan babu, alamun sun isa. Matuƙar yana iya haɗiya, a ba shi abin da ya kai giram 15 na suga: dunƙule uku, ko ƙaramin cokali uku a jiƙa a ruwa, ko babban cokali ɗaya na zuma, ko rabin kofin lemun kwalba mai zaƙi. A jira minti 15. Idan bai dawo daidai ba a ƙara. Da ya farfaɗo, ya ci abinci mai riƙe ciki, tuwo ko shinkafa da wake ko burodi.

Idan ya riga ya suma, kada a ɗura masa komai a baki, zai shaƙe. A kwantar da shi a gefensa, a garzaya da shi asibiti mafi kusa, a gaya musu sunan ƙwayar da yake sha. Glibenclamide tana daɗewa a jiki, musamman ga tsofaffi da masu raunin ƙoda, don haka mutum zai iya farfaɗowa da rana, suga ya sake faɗuwa da dare. Idan asibiti suka ce ya kwana, a bar shi ya kwana. A ganina, duk wanda ya haura shekara sittin kuma yake kan glibenclamide ya dace ya tambayi likitansa ko gliclazide ba za ta fi masa ba, domin ta fi sauƙin wannan matsalar.

Direbobi da ƴan kabu-kabu masu shan wannan dangin: a ajiye dunƙulen suga a aljihu kullum. Da ka ji alamar, ka gangara gefen titi nan take.

Na manta ban sha ba. In haɗa biyu?

Kada ka haɗa. Idan ka tuna da wuri kuma za ka ci abinci, ka sha. Idan lokacin ta gaba ya matso, ka bar wadda ta wuce.

Ina zawo da amai, ko zazzaɓi ya kwantar da ni. In ci gaba da sha?

A nan ne metformine, duk da sauƙin halinta, ke iya zama haɗari. Ƙoda ce ke fitar da ita daga jiki. Idan amai ko zawo ko zafin rana ya ƙone ruwan jikin mutum, ƙoda takan ja baya, maganin ya taru, jini ya yi tsami fiye da kima. Abin ba kasafai yake faruwa ba, amma idan ya faru yana kisa. Alamunsa: kasala mai tsanani, ciwon tsokoki, ciwon ciki, numfashi da sauri-sauri kuma mai zurfi, jiki ya yi sanyi. Wannan na asibiti ne a daren, ba na jiran gari ya waye ba.

Dokar dai ita ce: ranar da kake amai ko zawo mai yawa, ko ka kasa ci da sha, ka dakatar da metformine, ka yi ta shan ruwa, ka nemi ma'aikacin lafiya a ranar. Ana komawa kanta bayan kwana ɗaya ko biyu da dawowar ci da sha yadda aka saba. Mai shan Daonil da ba ya iya cin abinci shi ma kada ya haɗiye ta haka nan. Ya auna suga, ya nemi shawara.

Zazzaɓin cizon sauro, wanda ke cika asibitocinmu daga tsakiyar damina zuwa kaka, yana da tasa rigimar. Cuta takan hau da suga, amma zazzaɓi mai tsanani yakan kayar da shi, maganin kinin ma yana kayar da shi. Duk wanda zai yi maka allura ko ƙarin ruwa, ka fara gaya masa kana da ciwon suga da sunan ƙwayarka tun kafin ya tambaya.

Haka nan idan za a yi maka hoton sikana wanda ake zuba ruwan rini a jijiya, ko tiyata, ka faɗa. Sau da yawa ana dakatar da metformine, a dawo da ita bayan awa 48 idan ƙoda tana lafiya.

Azumi fa?

Amsar ba ɗaya ba ce ga kowa, kuma ba a daren ganin wata ake nemanta ba. A je wurin likita tun cikin Rajab, mako shida zuwa takwas kafin azumi, a auna suga da ƙoda, a tsara yadda za a sha magani.

Wanda ke kan metformine kaɗai, sugansa a daidaice, ƙodarsa lafiya, galibi yana iya azumi. Mai sha sau ɗaya yakan mayar da ita lokacin shan ruwa. Mai sha sau biyu, ɗaya da shan ruwa ɗaya da sahur. Mai sha sau uku, yawanci ana haɗa ta rana da ta shan ruwa. Dangin Daonil kuwa sai an yi hattara sosai. Shan cikakkiyar glibenclamide da sahur, sannan a yi fiye da awa 13 ba ci ba sha, neman suma ne da la'asar. Likita yakan sauya ta, ko ya mayar da babban kaso zuwa shan ruwa ya rage na sahur. Wannan lissafin nasa ne, ba na maƙwabci ba.

A jinkirta sahur, a sha ruwa sosai tsakanin magariba da asuba, musamman idan azumi ya faɗo a bazara, lokacin da zafin Maraɗi ke haura digiri 40. A buɗe baki da dabino ɗaya ko biyu da ruwa, kada a jera kunun zaƙi da lemu da zoɓo mai suga a lokaci guda.

Dole a karya azumi idan awo ya nuna ƙasa da 0,70 g/L, ko sama da 3 g/L, ko aka ji alamun faɗuwar suga, ko rashin lafiya ta taso, ko da saura minti goma a kira salla. Malamai da dama sun yi bayani cewa huda yatsa don awo ba ya karya azumi. Mai ciwon ƙoda, mai juna biyu, tsohon da ke zaune shi kaɗai, da wanda ya suma saboda faɗuwar suga cikin watanni ukun da suka wuce, shawarar likitoci ita ce kada su yi. Aya ta 184 da ta 185 a Suratul Baƙara sun yi wa marar lafiya rangwame. Na lura dattawa sun fi karɓar wannan magana idan ta fito daga bakin liman, don haka ɗa ko ɗiyar da ke fama da taurin kan Baba su raka shi wurin malaminsa da takardar likita a hannu.

An ce metformine tana kashe ƙoda. Gaskiya ne?

Ba gaskiya ba ne, amma akwai inda zancen ya samo asali. Suga mai yawa da hawan jini su ne ke cin ƙoda a hankali cikin shekaru. Idan ƙodar ta riga ta yi rauni, sai likita ya rage metformine ko ya tsayar da ita, mutane kuma su ɗauka ita ce ta yi ɓarnar. Awon jinin da ake rubutawa créatinine shi ne ke nuna ƙarfin ƙoda. Daga shi ake fitar da wani adadi, DFG. Idan ya sauka ƙasa da 45 ana rage maganin, ƙasa da 30 ana daina shi. A yi wannan awo aƙalla sau ɗaya a shekara.

Abin da take iya jawowa bayan shekaru shi ne ƙarancin bitamin B12, mai kawo ƙarancin jini da jin kamar sukar allura ko mutuwar tafin ƙafa. Ciwon suga kansa yana kawo irin wannan, saboda haka sai awo ke rarrabewa.

Na yi awo a Katsina an ce 140, a nan an ce 1,40. Wanne ne daidai?

Duka daidai ne, ma'auni ne ya bambanta. Mutanenmu da yawa suna bin hanyar Ɗan Isa da Jibiya su je asibiti a Katsina ko Kano, ko su sayo na'urar awo daga can. A nan muna lissafi da giram a lita. A can za ka ga mg/dL ko mmol/L. Giram 1 a lita daidai yake da 100 mg/dL, daidai kuma da kusan 5,5 mmol/L. Wato idan na'ura ta nuna 7 a ma'aunin mmol/L, 1,26 g/L ke nan, ba giram bakwai ba. Ka duba ƙananan haruffan da ke gefen lambar kafin hankalinka ya tashi, kuma kafin ka ƙara wa kanka ƙwaya.

Ga yawancin manya, ana so awon safe kafin a ci komai ya tsaya tsakanin 0,80 da 1,30 g/L, na awa biyu bayan abinci kuma ya gaza 1,80. Akwai awon HbA1c, mai nuna yadda suga ya kasance cikin kimanin watanni uku. Ana neman wajen kashi 7 cikin ɗari, ana sassauta wa tsofaffi.

Sugana ya daidaita. Ba zan daina ba?

Ƙwayar ce ta daidaita shi. Ka bar ta, cikin ƴan kwanaki ko makonni zai koma inda ya fito, kuma ba lallai ka ji komai ba har sai ido ya fara dishewa ko gyambo ya ƙi warkewa a ƙafa. Wanda ya rage ƙiba ya gyara cimarsa, likita zai iya rage masa, bayan awo ya nuna.

Zan iya haɗawa da na gargajiya?

Zogale a matsayin abinci, kwaɗonsa ko a dambu, ba laifi, alheri ne ma. Matsalar tana ga jiƙe-jiƙe da garin da ake sayarwa a kwalba ko ƙulli da alkawarin "warkewa gaba ɗaya". Ba a san ƙarfinsu ba, ba a san abin da aka zuba ciki ba. Idan suna kayar da suga da gaske, haɗa su da Daonil na iya sumar da kai. Idan ba sa yin komai kuma ka bar ƙwayarka dominsu, ka zauna babu magani ke nan. Wasu saiwoyin suna taɓa hanta da ƙoda. In dai kana sha, ka gaya wa likita gaskiya. Ya fi ya yi ta laluben dalilin da awonka ya rikice.

Waɗanne magunguna ne ba sa jituwa da ƙwayar suga?

Dexaméthasone da prednisolone suna hau da suga sosai. Su ne ke cikin ƙwayoyin ƙiba da wasu mata ke sha, da wasu haɗe-haɗen maganin ciwon jiki da ake ƙullawa a leda ba suna. Diclofénac da ibuprofène, idan aka mayar da su na kullum, suna raunana ƙoda. Paracétamol ya fi dacewa da ciwon kai da na jiki. Cotrimoxazole, fluconazole da miconazole suna ƙara wa dangin Daonil ƙarfi har suga ya faɗi. Giya kuwa ba ta jituwa da ko ɗaya daga cikin iri biyun. Mai hawan jini ya kai duka magungunansa gaban likita a leda ɗaya, a duba su tare.

Na kasuwa ya fi araha. Mene ne aibinsa?

Kowa ya san halin da ake ciki, kuma maganin da ake sha kullum yana cin aljihu. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2017 cewa kusan magani ɗaya cikin goma a ƙasashe masu tasowa jabu ne ko marar inganci. Ƙara da cewa ƙwayar da ta yini a tire a kan mai talla cikin ranar Afrilu ta sha zafin da ba a yi ta dominsa ba. Yawancinsu ana so a ajiye su ƙasa da digiri 25 zuwa 30. Mafita mai sauƙi ita ce ka je farmasi ka nemi metformine da sunanta na asali maimakon Glucophage. Magani ɗaya ne, kuɗin ya fi sauƙi. Ka duba ranar lalacewa. A gida, a bar ta cikin katinta, a ɗaki mafi sanyi, nesa da murhu da taga da hannun yara. Kada a bar ta a gaban mota ko cikin akwatin babur.

Kada kuma a ari ta wani. Ƙwayar da ta dace da miji tana iya kwantar da matarsa.

Ina da juna biyu, ko ina neman samu.

Ki je asibiti da wuri, tun kafin cikin ya shiga in da hali. Suga marar daidaito a watannin farko yana cutar da jariri. Sau da yawa ana mayar da mai ciki kan insulin, musamman idan dangin Daonil take sha. Kada ki tsayar da magani da kanki kafin a ba ki madadinsa. Mai shayarwa ma ta tambaya.

Tun da ina shan magani, ba zan iya shan furata ba?

Za ka iya, Alhaji, amma da awo. Hatsi ma yana komawa suga a jini. Ƙaramin kwano, nono ya fi dawo yawa, babu suga. Tuwo a rage malmala a ƙara miya da ganye. Inda aka fi yin ɓarna ba a sani ba shi ne shayin majalisa: kofi uku ƙanana, kowanne da sugansa, sau biyu ko uku a yini. Babu ƙwayar da za ta iya rinjayar wannan.

Likita ya ce in koma allura. Ciwon ya kai ƙarshe ke nan?

Bai kai ba. Ciwon suga nau'i na biyu yana tafiya da shekaru. Gaɓar da ke samar da insulin takan gaji, ƙwayar da ta riƙe ka shekara biyar ko goma sai ta kasa. A lokacin ana ƙara wata ƙwaya ko a kawo insulin, sau da yawa allura ɗaya da dare tare da ci gaba da metformine. Wani lokaci ma na wucin gadi ne, saboda tiyata, ko gyambo, ko juna biyu. Alamun da ke nuna ƙwaya ta daina isa su ne yawan fitsari da dare, ƙishirwa marar yankewa, rama ba dalili, da awon safe da ya ƙi sauka ƙasa da 2 g/L duk da kana shan magani yadda aka ce. Idan ka ga haka kada ka ninka ƙwayar da kanka. Ka rubuta awon safe na mako guda a takarda, ka haɗa da kwalayen magungunanka, ka kai wa likita a cibiyar lafiya (CSI) ta unguwarku ko babban asibitin jiha.